Gashin Auta ya dawo, kowa ya watse: masu jinyar sankarar jini, yaya kuke yi?

Maman Auta

Assalamu alaikum. Tambayata ga wanda ya taɓa jinyar mai sankarar jini ce, ko yake kan yi, musamman in yaro ne.

Ɗana na ƙarshe shekararsa shida. Bara aka gano yana da irin wadda likitoci ke kira ALL, wadda aka ce ita ta fi kama ƙananan yara. Da zazzaɓi ya fara, ya tafi ya dawo, sai yaro ya ɗashe, sai kukan ciwon ƙafa da daddare, sai wasu tabbai baƙi-baƙi a ƙwaurinsa alhali bai faɗi ba. Da aka zuƙi ɓargo a ƙashin ƙugunsa aka auna, sai aka ce fararen ƙwayoyin jini marasa ƙwari ne suka cika ɓargon, suka hana shi yin jinin kirki.

Zango mai zafi dai mun wuce shi. Watan farko a gadon asibiti muka yi shi, ga ƙarin jini, ga allurar gadon baya, ga amai, gashi ya zube tas. Daga nan aka yi watanni ana kwanciya ana sallama. Yanzu muna zangon ƙarshe, wanda ya fi kowanne tsawo: mercaptopurine kullum, methotrexate sau ɗaya a mako, Septrin saboda huhu, sannan duk wata a je a yi allurar vincristine a haɗo mu da dexamethasone na kwana biyar. Likita ya ce maganin duka shekara biyu ne da wani abu, wato da sauran fiye da shekara a gabanmu.

Ga abin da ya dame ni. Lokacin da muke kwance, Allah ya saka wa 'yan'uwa da alheri, ba su bar ni ba. Waya ba ta hutawa, ƙanwata ta tare a gidana tana kula da manyan. Amma tunda gashin yaron ya fito, kumatunsa suka ciko, kowa ya ce alhamdulillahi ya warke. Kumatun nan ma na magani ne. Ƙanwata ta koma ɗakinta, masu kira suka daina, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ce dai har yanzu ban sauko ba.

Ba na barci. Ma'aunin zafi a ƙarƙashin filona yake kwana. Sai in farka in kai hannu goshinsa, in koma in kwanta, in ce anya na ji daidai kuwa, in sake tashi. Kwana biyar ɗin dexamethasone kuwa ba a magana. Ƙarfe uku na dare zai tashe ni yana kukan yunwa, in kawo masa abinci ya ce ba shi ba, ya yi jifa da kwanon, can ya rungume ni yana ba ni haƙuri. Yaron da ko tsawa ba a yi masa a da.

Aikina na ajiye shi tun farkon ciwon. Maigidana yana iya ƙoƙarinsa wajen kuɗi, ban raina ba, amma hirarmu ta koma tambaya ɗaya: jinin nawa ya nuna? In faɗa masa, ya gyaɗa kai, shi ke nan. Babbar 'yata shekararta goma sha biyu. Kwanaki ina zazzage jakar makarantarta zan wanke, na tsinci takardar gayyatar taron iyaye a ninke can ƙasa, ranar ma ta wuce. Na ce me ya hana ki ba ni? Ta ce, "Na san ba za ki samu zuwa ba, Mama." Ba ta faɗa da fushi ba. Da ma da fushin ta faɗa.

Har akwai ranar da na ji ina fatan ni ma wani ɗan ciwo ya kwantar da ni kwana biyu, a sa min ruwa, in yi barci wani ya riƙe agogon magani. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba.

To haka kowa yake ji a wannan zangon, ko ni ce imanina ya yi rauni? Kuma ku da kuka wuce nan, me kuka yi a aikace?

Baƙon Alheri

Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ki yi haƙuri ki yawaita addu'a, wasu nasu ya fi naki. Ki gode wa Allah yaronki yana raye.

Baban Yara Uku

Amin, Malam. Sai dai baiwar Allah nan ba ta ce ba ta godiya ba, cewa ta yi ba ta barci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

'Yar'uwa, 'yata ta gama wannan maganin, yanzu zuwa awo kawai muke yi. Abin da kika faɗa duk na san shi, kuma mahaifiyarta ta fi ni sani. Zangon ƙarshen nan shi ya fi ba mu wuya, ba don ciwon ya fi tsanani ba. A asibiti akwai nas, akwai likita, akwai uwar yaron gadon kusa da za ki ce wa duba min shi in watsa ruwa. A gida ke ce nas, ke ce mai ba da magani, ke ce mai gadi, kuma babu mai karɓarki in dare ya yi.

Abin da ya cece mu shi ne daina jiran mutane su gane da kansu. Duk wanda ya ce "in akwai abin da zan yi ki faɗa min", da gaske yake, amma ba zai taɓa sanin me zai yi ba. Sai mun yanka masa aiki da suna da rana. Ƙanena aka ba shi kai mu asibiti ranar allura da karɓo sakamakon jini. Yayar matata ta ɗauki aikin makarantar sauran yaran. Wata maƙwabciya wanki kawai ta ɗauka, kuma wallahi wankin nan ba ƙaramin abu ba ne. Ki kira ƙanwarki ki ce mata ba ki ce ta dawo ta tare ba, kwana biyu a cikin biyar ɗin dexamethasone kike so, duk wata. Abu ne mai iyaka, za ta iya tsara kanta.

Na biyu, littafi. Mun sayi littafi ɗaya muka ja layi: rana, magani, wanda ya bayar, zafin jiki in an auna, sakamakon jini. Amfaninsa ba ga likita kaɗai ba ne. Muddin lissafin yana cikin kanki ke kaɗai, babu wanda zai iya karɓarki, ko yana so. Da ya koma takarda, ni ma na iya ba da maganin dare.

Batun maigida kuma, bari in ɗan yi magana a madadinsa ko da ban san shi ba. Ni ma "jinin nawa" nake tambaya. Ba rashin damuwa ba ne. Ita ce kaɗai tambayar da na san in na yi ba zan fashe da kuka a gaban yara ba. Ina fita aiki da tsoro, ga bashi, ga shi ina ganin in na ce na gaji zan ƙara mata nauyi. Ita ma ashe haka take tunani a kaina. Ki ba shi dare biyu a mako su zama nasa, ke ki kwana a wani ɗakin ki rufe ƙofa. Kada ki roƙa kamar alfarma, ɗansa ne.

Nas Mai Aikin Dare

Maman Auta, sannu da ƙoƙari. A ɗakin yara masu sankara nake aiki, kuma abin da kika rubuta muna jin sa daga bakin iyaye a kai a kai, har da fatan a kwantar da ke ɗin. Ba raunin imani ba ne, gajiya ce ta taru. Akwai ma takardar tambayoyi da ake auna nauyin da mai jinya ke ɗauke da shi, ana ce mata ma'aunin Zarit. An fito da ita a 1980 don masu kula da tsofaffi masu ciwon mantuwa, yanzu ana amfani da ita har a jinyar sankara. Wadda aka fi sani tambayoyi 22 ce, irin su ko kina samun lokacin kanki, ko lafiyarki ta taɓu, ko kina ganin ya kamata a ce kin yi fiye da abin da kike yi. Na kawo wannan don ki san likitoci sun ɗauki gajiyar mai jinya a matsayin abin dubawa, ba tsegumi ba. In an tambaye ki "ya mai jiki", kina da damar cewa mai jinya ma ba ta da lafiya.

Bari in raba miki tsoron nan gida biyu, don wani yana da amfani, wani cin rai ne kawai.

Mai amfanin shi ne na zazzaɓi. Maganin yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, shi ya sa in zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a nufa ko ƙarfe nawa ne, ba a jiran wayewar gari. Kada a ba shi farasitamol kafin a auna, don yana ɓoye zazzaɓin. Asfirin da ibuprofen kuwa ba nasa ba ne sam sai da izinin likita, saboda zubar jini. Kada a taɓa sa ma'auni ta dubura. In kun isa ki faɗa tun daga ƙofa cewa yaro ne mai shan maganin sankara, don ƙa'ida ita ce a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda. Ko ba zazzaɓi, in kin ga yana rawar sanyi, ko ya yi laushi ba ya son tashi, ko numfashi na yi masa wuya, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ku tafi.

To in kin haɗa jaka ta zauna bakin ƙofa, lambar ɗakin jinya tana manne a bango, kun san motar da za ta kai ku cikin dare, kin gama naki. Taɓa goshi sau goma kafin asuba ba ya ƙara masa kariya. Ki auna kafin ya kwanta in hankalinki bai kwanta ba, ki rubuta a littafin da Baban Yara ya faɗa, ki mayar da ma'aunin cikin durowa.

Abin da nake tsoro a zangon nan shi ne gajiyar uwa ta fara cin magani. Yaro ya yi kyau, uwa ta galabaita, yau an manta, jibi an ce bari ya huta. Wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna yaran da ke samun ƙasa da kashi 95 cikin ɗari na mercaptopurine ɗinsu sun fi fuskantar dawowar cutar. Wato barcinki ma yana cikin maganinsa. A ƙasashe masu hali kusan yara tara cikin goma masu ALL suna rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe da yawa marasa ƙarfi kuwa bai kai kashi 30 ba, kuma barin magani a tsakiya yana cikin manyan dalilai. Shi ya sa a 2018 ta ƙaddamar da shirin kai adadin yaran da ke warkewa zuwa aƙalla kashi 60 nan da 2030. Yawancin iyayen da na ga sun bari ba rashin so ba ne, ƙarfi ne ya ƙare, na aljihu ko na jiki. In kuɗi ya fara gagara, ki faɗa wa likita ko jami'in walwala na asibitin kafin maganin ya yanke, ba bayan ya yanke ba.

Halin da yake shiga a kwanakin dexamethasone maganin ne, kuma yana sauka bayan an gama da 'yan kwanaki. Ki gaya wa likita yadda abin yake kaiwa, ki tambaya ko za a iya gyara lokutan shan don dare ya yi sauƙi. Kada dai ki rage da kanki. Ki ajiye abin da zai ci a kusa da gado tun kafin ku kwanta.

Ke kuma, in kin kai mako biyu kullum zuciya a cunkushe, babu abin da ke miki daɗi, abinci ba ya shiga, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, wannan ciwon damuwa ne, ana maganinsa. Ki ga likita don kanki, da katinki.

Yayar Wani

Anti, ni ta ɓangaren 'yarki zan yi magana, don ni ce ita a gidanmu. Ina aji ɗaya a sakandare ƙanena ya kamu.

Babu wanda ya zaunar da ni ya ce ga abin da ke damunsa. A bakin baƙi nake tsintar magana. Na daɗe ina zaton ni na jawo, saboda na taɓa ture shi ya faɗi kafin ya fara ciwon. Na kuma ɗauka zan iya kamuwa in na sha ruwa a kofinsa. Sai da na girma na san ba a ɗaukarta, ba faɗuwa ke kawo ta ba, kuma yawanci ba gado ba ce. Don Allah ki faɗa wa 'yarki waɗannan ukun da bakinki, ko ba ta tambaya ba.

Kuma kowa ya shigo sai ya ce min "ke ce babba, ki taimaki mamanki". Na taimaka. Na koyi yin shiru, na daina kawo matsalata gida, aka yi ta yabona wai na yi hankali. Ina jin haushin ƙanena in an kawo masa kayan wasa, sai kuma in ji kunyar kaina. Abin da na fi tunawa a shekarun nan duka shi ne ranar da mamata ta zo ɗaukata daga makaranta ita kaɗai, muka tako a ƙasa, ba ta ambaci asibiti ko sau ɗaya ba. Ba sai kin yi wani babban abu ba. Ki je makarantar ki ga malaminta ko da taron ya wuce, kuma ki bari ta san kin je.

Uwargida

Ƙanwata, ni ba yaro nake jinya ba, maigidana ne, kuma tasa irin mai tafiya a hankali ce, CML. Ƙwaya ɗaya yake sha kullum, imatinib, wadda tun fitowarta a 2001 ta mayar da wannan nau'in ciwon da ake rayuwa da shi shekaru. Don haka namu ba shi da ranar gamawa irin naku, kuma ba zan ce na san zafin ganin ɗanka a gadon nan ba.

Amma ina da ja a kan maganar Baban Yara. Ba kowa ke da ƙane mai mota da yaya mai lokaci ba. Wasu in ka yanka musu aiki, sau biyu za su yi su ɓace, ka dawo kana jin ciwon da ya fi na da. Wasu kuma taimakonsu da sharaɗi yake zuwa: sun kawo jiƙo a gora sai an sha, in ka ƙi ka raina su. Ni na sha wannan. Magungunan nan hanta ke sarrafa su, ba a haɗa su da abin da likita bai sani ba, ko wa ya kawo. Na koyi cewa na gode, in karɓa, in ajiye.

Ni abin da ya riƙe ni mutum ɗaya ce, wata da muka haɗu a layin awon jini, ita ma mijinta take kawowa. Ita ba sai na yi mata bayani ba. In na ce mata yau na tsani ƙarar kwalbar maganin nan, dariya za ta yi ta ce ita ma. Ki duba cikin iyayen da kuke haɗuwa ranar allura, ki karɓi lambar ɗaya. Aikin da kika ajiye kuma, in akwai yadda za ki koma ko rabin yini ne, ki koma. Ba don kuɗin kaɗai ba. Mutum yana bukatar inda za a kira shi da sunansa a tambaye shi wani abu da ba jini ba.

Baban Yara Uku

Gaskiya ne, Hajiya, mu ma akwai waɗanda suka zame. Cikin waɗanda muka nema, waɗanda suka tsaya har ƙarshe ba su da yawa. Amma da ba mu nema ba, su ɗin ma ba za mu samu ba.

Maman Auta

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yayar Wani, kin sa ni kuka. Na zaunar da ita jiya, ashe ita ma tana zaton ana ɗauka, shi ya sa ta daina kwana kusa da shi. Ni kuma na ɗauka ƙyashi ne.

Na nuna wa maigidan abin da Baban Yara ya rubuta. Bai ce komai ba, amma ya tambayi inda nake ajiye safar hannun da nake ba da maganin da ita. Ƙanwata ta ce za ta duba. Mu gani.

Sista, ƙarin tambaya. Likita ya ce Auta zai iya komawa makaranta, ni ce nake ta jan ƙafa. Yanzu kuma 'yata ta ce akwai mai ƙarambau a ajinsu. In hana ta zuwa ne, ko in raba su ɗaki? Sannan baffansa yana ta cewa in an sake bukatar jini shi zai bayar.

Nas Mai Aikin Dare

Ki kira ɗakin jinyarsa yau ki faɗa musu, kada ki bari sai ranar allura. Za su tambaye ki ko ita 'yar taki ta taɓa yin ƙarambau ko an yi mata rigakafinsa, da ko shi Auta ya taɓa yi. In ta taɓa yi, da wuya ta kawo masa. In ba ta taɓa ba, sai a sa mata ido, don yana ɗaukar kwana 10 zuwa 21 kafin ya fito, kuma ana yaɗa shi tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje su bayyana. Ƙarambau da ƙyanda suna da haɗari sosai ga yaro mai shan wannan magani, amma akwai abin da ake ba shi na kariya in an sani da wuri. Shi kansa ba a yi masa rigakafin ƙyanda ko na ƙarambau yana kan magani, don haka cikar rigakafin 'yan'uwansa kariya ce gare shi.

Makaranta kuwa, tunda likita ya yarda, ki bar shi ya je. Ki samu malaminsa ki ba shi lambarki, ki ce duk ranar da aka ga mai ƙuraje ko ƙyanda a ajin, ko Auta ya yi zafi, a kira ki nan take. Sa'o'in da yake can kuma ki kwanta, kada ki ce za ki yi wanki.

Baffa ya je ya ba da jini a ma'ajiyar jini ta asibitin, za a yi murna, wani yaron zai amfana. Amma kada a sa wa Auta jinin ɗan'uwa na kusa sai likitansa ya sani. Jinin dangi yana iya jawo matsala ga mai raunin garkuwa in ba a yi masa wani tanadi na musamman ba, kuma yana iya kawo cikas in wata rana aka bukaci dashen ɓargo daga cikin dangi. Yawancin yara masu ALL ba sa kaiwa ga dashen, na faɗa ne don baffa ya san dalili kada ya ji an ƙi nasa.

Safar hannun ki nuna wa maigida yadda ake cirewa a wanke hannu bayan an gama. In ƙanwarki tana da ciki ko tana shayarwa, ta bar muku ba da maganin, ta riƙe daren kawai.